Kwana ashirin muna shara a cikin manhaja

Shekara shida ke nan da na buɗe ɗan ofishina a Zango, ni da yara biyu, muna rubuta manhajar lissafin kaya da kuɗi ga masu kanti da farmasi a nan Damagaram. A kan kwamfutar tebur take zaune, ba ruwanta da intanet. Da Python, wani harshen rubuta manhaja, muka rubuta ta, bayanai kuma suna cikin SQLite, wata ƴar manhaja mai ajiye bayanai cikin fayil guda. Watan jiya ko maɓalli ɗaya ba mu ƙara mata ba, shara muka yi.

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa a sari a Kasuwar Dole ne ya kira ni. Kwamfuta na nuna buhu goma sha ɗaya da babu su a magaza, har ya fara yi wa yaron shagonsa kallon ɓarawo. Bayan la'asar na zauna ina bin rasit ɗaya bayan ɗaya. An sayar da buhunan, an karɓi kuɗin, rasit ya fito, amma ba a cire su daga lissafin kaya ba. Na koma ofis na tono wurin, sai ga rubutun hannuna na shekara uku baya: except, a ƙasansa pass. Wato in matsala ta taso, yi gum ka wuce. Lokacin da ake ɗaukar kwafin ajiya, SQLite takan hana rubutu. Python ya jira daƙiƙa biyar, ya kawo ƙara cewa fayil a kulle yake, manhajata kuma ta haɗiye maganar. Washegari na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan ko ƙwayar shinkafa bai ci maka ba. Laifina ne."

Daga nan muka zazzage fayil ɗin da muke kira utils, buhun da kowa ke jefa abin da ya rasa inda zai ajiye. A ciki muka tarar da hanya uku ta lissafa harajin TVA na kashi 19. Ɗaya tana yanke ragowar da ba ta kai faran ba, biyu suna amfani da round, umarnin cike lamba, wanda a Python yake mai da 2.5 ya koma 2, ya mai da 3.5 ya koma 4. Shi ya sa rasit da rahoton wata kan saɓa da faran ɗaya ko biyu. Ba ta kai dala ba, amma ɗan kasuwa in ya ga lissafi biyu sun saɓa, ya daina yarda da duka biyun. Yanzu wuri ɗaya ake taɓa kuɗi, kuma cikakkiyar lamba muke ajiyewa, tunda sefa ba ta da ƴan canji ƙasa da faran.

Sauran muka raba su gida-gida: kwanan wata, firinta, ajiya, rubutu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, waɗanda ƙananan firintocin rasit ke mayarwa alamar tambaya, su ma yanzu ƙofa ɗaya suke bi.

Kurakurai ne suka fi cin lokaci. In mai kanti ya shigar da abin da bai dace ba, a faɗa masa da Hausa ko Faransanci me zai gyara. In takarda ta ƙare ko fayil ya kulle, a tsaya a ba shi damar sake gwadawa. In kuwa kuskuren namu ne, a rubuta shi cikin fayil ɗin tarihi da lokaci da layin da ya fashe, mai kanti ya turo mana ta WhatsApp. Ciniki da rage kaya kuma mun ɗaure su wuri guda: ko su shiga tare, ko kowanne kada ya shiga, ko da wuta ta ɗauke a tsakiya.

Babban yarona bai so ba. Ya ce, "Maigida, mutane za su ce mun lalata musu abu." Ya yi gaskiya, makon farko waya ba ta huta ba, don matsalolin da ke ɓoye duk sun leƙo. Wani mai farmasi a Birni ta haka ya gano kwafin ajiyarsa ya daina aiki tun kafin azumi, kebul ɗin faifan ne ya saki.

Da na kai wa Alhaji sabuwar, ya duba allo sama da ƙasa ya ce bai ga abin da ya sauya ba. Ban karɓi ko jika ɗaya ba. Yaron shagon ne ya rako ni har bakin babur.