Yadda na sa wa Caprice ɗin Kawu sabuwar rediyo ban yanka dashbod ba

Mota ce Caprice ƴar 1978, Kawu ya bar min ita da zai koma Kano bayan dogon zaman da ya yi a Jidda. Inji lafiya lau, amma rediyon sai shuuu kawai, ni kuma so nake in riƙa jin tafsiri daga wayata ta Bluetooth in na hau hanyar Makka.

Da na kai ta sana'iyya, wato unguwar makanikai, mai wayarin ɗin yana leƙawa ya ce sai an yanka dashbod. Wai tsohuwar rediyon irin mai maɓalli biyu ce, ramuka biyu da ƴar taga a tsakiya, sabbin kuma girman da ake kira DIN suke zuwa, wato faɗi milimita 180 tsayi 50. Na ce masa a'a wallahi. Robar dashbod ɗin da ta sha ranar Jidda sama da shekara 40 kana ɗora mata zarto darewa za ta yi har gefe, kuma sai ka gama zagaye tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, ba lallai ka samu mai lafiya ba. Na dawo gida na yi abina ranar Juma'a bayan la'asar. Tsohuwar tana nan inda take, sabuwar na ɗaure ta da ƙarfe a ƙarƙashin dashbod.

Kafin komai na cire kan batir na negatif. Wayoyin wutar sabuwar rediyon ba wuya, rawaya ta tafi batir kai tsaye da fiyus kusa da batirin, ita ke riƙe agogo da tashoshi, ja ta bi makulli don rediyo ta mutu in an kashe mota, baƙa kuma jikin ƙarfe, sai da na kankare fenti sosai a wurin. Launin wayoyin motar kam ban yarda da shi ba, duk sun koɗe, da mitar gwada wuta na gwada kowace.

Inda ya fi cin lokaci sifika ne, kuma nan mutane ke ƙona rediyo sabuwa fil. Tsofaffin motoci da yawa negatif ɗin sifika haɗe yake da jikin mota ko da na ƴan uwansa, sabuwar rediyo kuwa kowace sifika wayarta biyu take so ita kaɗai, in ɗaya ta taɓa ƙarfe shikenan. Sai na ɗaga kafet na ja sabbin wayoyi har baya, na sa sababbin sifika masu girman inci 6x9 da om 4 (ma'aunin sifika ne) tunda takardar tsofaffin ta bushe ta yage. Duk mahaɗa da dalma na kama ta, salatif a zafin nan narkewa yake ya saki.

Da na kira Kawu a WhatsApp ban gama sallama ba ya ce, kai yaro, ba dai ka yanka min mota ba? Na ce Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, ko ƙusa ɗaya ban taɓa a fuskarta ba. Saura eriya yanzu, FM na ɗan yankewa in na wuce Bahra a hanyar Makka.