Makirufon filin taro da na ɗakin ɗaukar murya

Sana'ata hayar lasifika ce a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Walimar sauka, Mauludi, wa'azi, ɗaurin aure, duk inda jama'a za su taru akan neme mu. Na kuma ware ɗaki guda inda nake ɗaukar muryar sha'irai da mawaƙan biki.

In aikin fili ne, nau'in makirufon da ake kira dayinamik nake ɗauka, musamman samfurin SM58 na kamfanin Shure. Tun 1966 ake ƙera shi. Ba ya buƙatar wuta daga miksa, wato injin da ake jona makirufo a daidaita sauti, in ya faɗi ka ɗauka ka kaɗe ƙura ya ci gaba da aiki. Abin da ke gabansa yake ji, na bayansa kuwa ya yi kunnen uwar shegu da shi. Don haka nake kafa sifiku gaba da mai magana suna fuskantar jama'a, kada sauti ya dawo cikin makirufo ya ta da kukan nan mai huda kunne. Wani mai wa'azin in zance ya yi daɗi sai ya dunƙule kan makirufon da tafinsa. Ya toshe kafofin baya ke nan, kuka ya tashi, kowa ya waiwayo yana hararar mai injin. Sai in rarrafa in ce, "Allah gafarta Malam, a riƙe shi daga ƙasa."

Kalangu wani dayinamik ɗin na Shure, SM57, nake kanga masa, don yana jure ƙarar duka. Marar waya kuwa malamai na son sa, amma batir ba ya sallama in zai mutu, don haka kullum akwai mai waya a jone a gefe. Jabu sun yi yawa a kasuwa, ba na biya sai an jona na ji da kunnena.

Nau'in makirufon da ake kira kwandensa na ɗaki ne kawai. Sai miksa ta ba shi wutar bolt 48 yake aiki, kuma ba abin da ke wuce shi: numfashin mawaƙi, carar zakara, injin markaɗen maƙwabta. Shi ya sa sai bayan sallar Isha muke ɗauka, a jingina katifu a bango, a ja janareta can bayan gida da doguwar waya. Ƙurar hunturu da danshin damina duk suna lalata shi, da an gama sai cikin akwatinsa.

Yaran da ke son buɗe situdiyo kan tambaye ni wanne za su fara saya. In ɗakin rufin kwano ne a bakin hanya, dayinamik nake ce musu, kwandensa ya jira sai sun sami silin da ƙofa mai rufuwa.