Abin da gwajin injin waifa ya koya mini

A garejin gyaran wutar mota, farkon damina ne lokacin da ake yawan kawo motocin da waifarsu ta ƙi motsi, kuma kusan kowane mai mota da hukuncinsa yake zuwa: injin waifa ya ƙone, a sauya masa. Aikin ya koya mini cewa sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, sai dai ko wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata, ko kuma sandunan da yake turawa sun cije.

Cijewar sandunan tana da dalili a yankinmu. Tun da ruwa ya ɗauke a wajen Oktoba, waifa takan zauna watanni ba a taɓa ta ba, ƙurar hunturu ta shiga gaɓoɓinta, giris ya bushe. Ranar da aka kunna ta, injin zai ja wuta fiye da ƙima don ya ture wannan nauyi, fis ya tsinke. Idan aka samu mai gaggawa ya ɗaura zaren waya a gurbin fis ɗin, a nan ne injin yake ƙonewa da gaske. Saboda haka nakan raba injin da sandunan tukuna, in motsa su da hannu, in ji ko suna tafiya sumul.

Daga nan sai fis da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, sannan soket ɗin injin, inda na fi ɗaukar darasi. Mita takan nuna volt 12 ko da wayar ta ci tsatsa har saura zare ɗaya ke riƙe da ita, domin mita ba ta jan wutar a zo a gani. Fitilar gwaji mai ƙwan filamen kuwa tana jan wuta, don haka idan haɗin ya lalace sai ka ga haskenta ya yi ja-ja maimakon ya yi fari. Haka nan wayar da ke komawa jikin mota, wadda yara masu koyo suka fi mantawa da ita: idan injin yana aiki, bambancin da mita za ta nuna tsakaninta da kan batir na negatif bai kamata ya kai rabin volt ba. Kankare tsatsa a ƙarƙashin noti ɗaya ya sha tayar da waifar da aka riga aka yanke wa hukunci.

Sai duk wannan ya tabbata nake cire injin in ɗaure shi a kan benci, domin yana da ƙarfin da zai iya murɗe yatsa, in ba shi wuta kai tsaye daga batir, gudu na hankali da na sauri daban-daban. Idan ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ƙi, nakan duba burushin kabon, wato 'yan gutsattsarin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikin injin. Idan yana gurnani amma sandarsa ba ta juyawa, haƙoran giyar roba da ke ciki ne suka cinye. Waifar da ke tsayawa a tsakiyar gilashi kuwa, matsalarta takan fito daga ɗan makunnin da ke cikin murfin giyar, wanda ke mayar da ita mazauninta. A sababbin motocin da kwamfuta ke ba injin umarni, ba na kai wutar batir ga kowace waya sai na duba zanen wayoyin motar, domin waya ɗaya a cikinsu ta saƙo ce, kuma volt 12 na iya lalata allon lantarkin da ke bayanta.