Man Labanda Ba Turaren Wuta Ba Ne: Shawara Ga Ƙannena

Mu da muka taso a Bauchi, tun muna ƙanana aka sabar mana da ƙamshi. Da wuya a shiga gida a rasa kasko, ba a kai amarya ɗakinta sai da kwalaben humra da turaren wuta irin na Barno, kuma abin da muka gada daga iyayenmu mata shi ne a zuba turare da yalwa, a rufe ƙofa, hayaƙi ya kama labule da kayan sawa. A 'yan shekarun nan tataccen man labanda ya shigo mana, ana sayar da shi a ƙananan kwalabe a shagunan kayan kwalliya da kuma ta WhatsApp da Instagram, ana cewa shaƙarsa tana kawo natsuwa da barci mai daɗi. Na daɗe ina amfani da shi, har yanzu ban daina ba, sai dai na ɗauke shi da hannun da ya saba da turaren wuta, kuma kusan duk wahalar da na sha daga nan ta faro. Shi ya sa nake son ku ƙannena, musamman amare da masu goyo, ku ji inda na yi tuntuɓe kafin ku buɗe taku kwalbar.

Labanda tsiro ne mai fure launin shunayya, asalinsa ƙasashen da ke gefen tekun Bahar Rum. Yankin Furobans na kudancin Faransa ya yi suna wajen nomansa, ko da yake a yanzu Bulgeriya ce kan gaba wajen fitar da man. Ana cusa furen a babbar tukunya, a tura tururi ya ratsa shi, sannan a sanyaya tururin, man ya taso saman ruwa a kwashe. Sai an dafa kusan kilo 100 na fure, ko fiye, kafin a sami kilo 1 na mai. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa zai gane dalilin da ya sa ake auna man da ɗigo, ba da cokali ba.

Abin da na fara yi shi ne zuba shi kai tsaye a kan garwashi. Turaren wutarmu itace ne da aka dafa da sukari da turare don ya riƙa ci a hankali, shi kuwa wannan mai yana kama wuta. Harshen wuta ya tashi dab da gefen mayafina, kuma abin da ya biyo baya ƙauri ne mai shaƙe maƙogwaro, domin zafin garwashi yana ƙone sinadaran da ke ba da ƙamshin. Labanda ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Mai na'urar da ke fesa tururin ruwa ta sa ɗigo 3 zuwa 5 a ruwa mililita 100. Wadda ba ta da ita, ko aka ɗauke wutar lantarki, ta ɗiga ɗigo 2 a auduga ta ajiye kusa da gado, ko a kwanon ruwan ɗumi inda hannun yaro ba zai kai ba. Tunda maganar garwashi ta zo, kada sanyin hunturu ya sa ku kwana da kasko a rufaffen ɗaki ko da babu turare a kansa, saboda garwashi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda take kashe mutum yana cikin barci.

Da na sayi na'urar sai na koma kan al'adar rufe ƙofa da taga, in bar ta tana aiki har asuba. Bayan ɗan lokaci sai in daina jin ƙamshin, in ɗauka ya ƙare, in tashi in ƙara ɗigo. Ashe hanci ne yake sabawa da duk ƙamshin da ya daɗe tare da shi, ya daina kai saƙonsa ga ƙwaƙwalwa, alhali ɗakin a cike yake. Na riƙa tashi da nauyin kai da tashin zuciya, ina ɗora laifin a kan zafi. Ranar da 'yar yayata mai ciwon asma ta kwana a ɗakina, tari da sarƙewar numfashi suka tashe ta cikin dare, sai da muka fitar da ita tsakar gida aka ba ta maganin shaƙarta, kuma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da yayata. Minti 30 zuwa awa 1 ya wadatar, a kashe na'urar, a bar taga a ɗan buɗe. Idan akwai mai asma a gidan, a tambaye shi tukuna, in ya ce ƙamshin yana damunsa a haƙura. Masu mage a gida su ma su kula, domin hantar mage ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai yadda ta mutum take yi.

Kuskuren da ya bar mini tabo shi ne na fata. Mun saba shafa humra a wuya da bayan kunne, don haka na riƙa shafa man labanda zallansa a goshi da wuyan hannu, musamman da wata mai sayarwa ta tabbatar mini cewa tunda daga tsiro yake ba zai cutar ba. Da farko ban ga komai ba, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ke nan. Daga baya wurin ya yi ja, ya kumbura, ya dinga ƙaiƙayi, da ya warke kuma ya bar baƙin tabo wanda ya ɗauki watanni bai washe ba, kamar yadda baƙar fata takan yi bayan kumburi. Abin da ya fi tabon muni shi ne, idan jiki ya riga ya ƙi wani sinadari ta wannan hanya, sau da yawa ƙin nan ba ya tafiya, kuma sinadarin linalol da ke cikin labanda yana cikin sabulai da mayukan shafawa masu yawa. Har yau sai na karanta bayan kwalba kafin in sayi man shafawa.

Ƙa'idar da masana suka bayar ga manya ita ce a surka shi ya zama kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato ɗigo 1 ko 2 a cokalin shayi guda na man kwakwa, ko man zaitun, ko man riɗi, ko narkakken man kaɗe. A fara gwadawa a ɗan wuri a cikin hannu, a jira kwana ɗaya a gani. Ruwa ba ya surka shi, domin mai ba ya narkewa a ruwa, don haka wadda ta ɗiga shi a bokitin wanka zallansa ne zai taɓa jikinta. Kada ya kusanci ido ko gaba, kuma wannan gargaɗi ne na musamman ga masu haɗa kayan tsuguno. Za ku ji masu talla suna ba da labarin wani masanin sinadarai Bafaranshe, Gatfose, wanda ya ƙone a hannu a 1910 ya yi jinya da labanda. Mutumin ya wanzu, kuma shi ya yaɗa wannan fanni na jinya da man tsirrai masu ƙamshi, amma abin da likitoci suke koyarwa a yau game da ƙuna shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba a shafa kowane irin mai ba, sannan a tafi asibiti idan ƙunar tana da girma.

Ajiya ma ta ba ni darasi. Na bar kwalbar a kan madubi kusa da taga, a zafin Maris da Afrilu da yakan kai maki 40 a nan. Iska da haske da zafi suna sauya linalol ya koma abin da ya fi saurin tayar da ƙaiƙayi, kuma ina kyautata zaton tsufan man ya taimaka wajen abin da ya sami fatata. A rufe murfin sosai, a ajiye kwalbar a wuri mai duhu da sanyi, kuma a sayi ƙarama wadda za ta ƙare da wuri. Wajen saye kuwa, araha ba ta ado. Yawancin manyan kwalabe masu arha turaren haɗi ne na masana'anta. Na gaskiya yana zuwa a kwalbar gilashi mai duhu, da sunan tsiron na kimiyya a jikinta, Lavandula angustifolia, da ƙasar da aka tace shi. Akwai ɗan'uwansa labandin, wanda ya fi arha kuma ya fi warin kafur, ba jabu ba ne amma ba shi ake nufi ba idan ana maganar barci. Idan aka ɗiga man a farar takarda ya bushe ya bar shatin maiƙo, to an gauraya shi da wani mai.

Game da yara, ni dai ra'ayina kada a shafa wa jariri, kada kuma a kunna na'urar a inda yake kwance. A 2007 wasu likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza uku da nono ya fara fito musu suna amfani da kayan shafawa masu labanda, ya kuma koma bayan an daina. Masana suna ta muhawara a kan rahoton, amma uwa ba ta da abin da za ta rasa idan ta yi taka-tsantsan. Kwalbar ƙarama ce mai ƙamshi, yaro zai iya kai ta baki. In hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin man zai iya faɗawa huhu, a ɗauke shi tare da kwalbar a tafi asibiti. Manya ma kada su ɗiga shi a shayi. Ƙwayar maganin damuwa da ake yi da labanda a Jamus an auna ta ne a masana'antar magani, ba ɗaya take da kwalbar kanti ba.

Babban kuskurena bai shafi fata ko wuta ba. Rashin barci da ciwon kai ne suka kai ni ga labanda tun farko, kuma da yake ƙamshin yana ɗan kwantar mini da hankali, sai na mai da shi magani na ƙi zuwa a duba ni. Amfaninsa gaskiya ne, domin hanyar jin ƙamshi tana haɗe da sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunani da yanayin zuciya, kuma bincike ya nuna yana ɗan rage fargaba da taimaka wa barci ga wasu mutane. Amma taimakon ƙarami ne. Lokacin da maigidana ya matsa na je asibiti, aka auna ni aka tarar jinina ya hau ƙwarai, likitar kuma ta ce da alama ya daɗe a haka. Hawan jini yakan yi shekaru yana ɓarna a zuciya da ƙoda ba tare da wata alama bayyananniya ba, kuma ba sai an tsufa yake kama mutum ba. Duk wadda rashin barcinta ya wuce makonni, ko take fama da faɗuwar gaba, ko baƙin ciki bayan haihuwa, ta je a duba ta, ta kuma faɗa wa likita duk abin da take shaƙa ko shafawa, balle in tana da juna biyu. Awon hawan jini ba ya ɗaukar minti 5, kuma ana yin sa ko a ƙaramin asibitin unguwa.