Gammon ƙofa da jan yadin da ya kunyata ni

Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, domin ni 'yar tela ce. A gindin keken ɗinkin Inna na tashi, kuma tun ban kai shekara goma ba na san ba a haɗa sabon jan yadi da fari sai an gwada shi da ruwa. Amma ga ni nan a jihar Maryland ta Amurka, da girmana, na tafka kuskuren da ko 'yar koyo ba za ta yi ba.

A unguwarmu, da zarar Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ta zo, ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi, sai ƙofofi su fara ɗaukar ja da fari da shuɗi, har a kai 4 ga Yuli, ranar da suka ayyana 'yancinsu daga Ingila a shekarar 1776. Maƙwabciyata ta rataya wani zagaye na ƙyallaye a ƙofarta. Ɗiyata, wadda a nan aka haife ta, ta kafe sai an yi mana irinsa. Maigida ya leƙa ya ce, "Wannan ai gammo ne, sai dai ya fi ƙarfin tulu." Sunan ya bi shi har yau.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Zoben waya mai faɗin inci 14, mai layi huɗu, sai yadin auduga. Ki ɗan tsaga bakin yadin da almakashi ki yage, zai tafi santal, kuma bakin nan mai zare-zare shi ne kyan abin. Faɗin kowane ƙyalle inci ɗaya, tsawo inci bakwai. Na ba shuɗi mai taurari kashi ɗaya cikin huɗu na zoben, sauran na jera ja da fari bi da bi, kamar yadda tutarsu take da layi 13, bakwai ja, shida fari, da taurari 50 a kusurwa. Ƙulli ɗaya ya isa, ki riƙa turawa suna matsuwa har wayar ta ɓuya. Dare uku na yi ina ƙullawa bayan isha'i, yatsuna har suka yi kanta.

Farin da shuɗin tsofaffin zannuwan gado ne da suka sha wanki. Jan ne kaɗai sabo, na tsinto shi da araha a wani kanti, ina ta murna. Na riƙe shi a hannu, zuciyata ta ce jiƙa shi tukuna, na ce ai ba sawa za a yi ba, ƙofa ce za ta sa. Wannan maganar ita ta kashe ni.

Ranar 2 ga Yuli da yamma aka yi ruwa mai iska, irin na bazararsu, wanda ke shigowa har baranda. Da safe na buɗe ƙofa na tsaya cak. Duk inda fari ya taɓa ja ya koma ruwan hoda, wani wurin ma dabbare-dabbare kamar an watsa masa zoɓo. Ba a nan ya tsaya ba. Jan ruwa ya gangaro a jikin farar ƙofa, ya ja layi biyu har ƙasa, a gidan haya kuwa.

Na kira Inna ina neman a lallashe ni. Ta ce, "Ke da nake ba tsumma ki goga wa atamfa kafin in yanka?" Na ce, "Inna, na yi sauri ne." Ta ce to yanzu sai ki yi a hankali.

Na gwada jiƙa ragowar jan da gishiri, kamar yadda ake ta faɗa. Ruwan bokiti ya fito ja wur, na sake, ya sake fitowa ja. Gishiri bai hana komai ba. Kwance ƙullin kuwa ya gagara, don audugar ta sha ruwa ta kumbura ta cije wayar, dole na bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin kawai ya tsira. Na yanka wata tsohuwar jar rigar maigida da aka wanke ba adadi, wadda ba ta da sauran rinin da za ta zubar, na kwana ina ƙulli daren 3 ga wata.

Gwajin da na raina bai kai minti biyu ba: ki jiƙa gefen yadi, ki danna shi a kan farin tsumma, ki duba. In ya bar ko da alama, ki wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito garau, ko ki haƙura da shi. In ƙofarki ba ta da rumfa sosai, ki shigo da abin in hadari ya haɗo. Tsohon kaya ya fi sabo a wannan aikin, ya fi laushi wajen ƙulli, kuma ya riga ya gama zubarsa.

Na biyun ya fi na farkon cika, maƙwabciyar har ta tambaye ni inda na samo jan. Ƙofar dai sai da na saya mata fenti da kuɗina, kuma in rana ta haska ta da yamma, ni ina ganin layin nan biyu a ƙarƙashi, ko da kowa ya ce ba ya gani.