Yadda nake auna kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa kafin in sayar wa mutum tikiti

Aikina a Abuja shirya wa mutane tafiya ne, kuma saboda aikin na hau jirgin ruwan shaƙatawa sau huɗu a kamfanoni uku: sau biyu a Bahar Rum, sau ɗaya daga Dubai, sau ɗaya daga Mayami. Duk wanda ya shigo ofis da zancen, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wane kamfani ya fi kyau?" Ni kuwa sai in ce ya gaya mini sunan jirgin, da tashoshin da zai tsaya, da watan tafiyar. Kamfani ɗaya yana iya samun jirgin da aka ƙera bara da wanda ya shekara 20 a ruwa, fenti ɗaya, tambari ɗaya, amma wanda ya kwana a wannan da wanda ya kwana a wancan ba labari ɗaya za su kawo gida ba.

Masu kamfanonin ma ba su kai yawan sunayen da ake gani ba. Carnival, Costa, Princess, Holland America da Cunard duk 'yan gida ɗaya ne, ƙarƙashin Carnival Corporation. Royal Caribbean, Celebrity da Silversea su ma uwarsu ɗaya. Norwegian tana tare da Oceania da Regent. MSC kuwa na iyalan Aponte ne, hedikwatarsa a Janeba. Kowane gida yana da na talaka da na masu hannu da shuni, don haka wanda ya gwada Carnival da Silversea tamkar ya gwada bas ɗin haya ne da motar gwamna.

Mu masu fasfon Najeriya, biza ce ke fara yi mana tankaɗe kafin a zo maganar inganci. Jirgin da ke tashi daga Mayami sai da bizar Amurka, ko da tsibiran Karibiyan zai zaga. Na Bahar Rum sai da bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yankin da ya haɗa yawancin ƙasashen Turai, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Idan jirgi ya tashi daga Italiya, ya tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro, sannan ya dawo Girka ko Sifen, to ka fita daga yankin ka sake shiga, kuma biza mai shiga sau ɗaya ta riga ta ƙone. Na ga iyali guda a teburin tantancewa, akwatunansu har an ɗaura musu lamba, ma'aikaciya ta buɗe fasfon maigidan, ta sa yatsa a kan lambar 01 da ke gurbin adadin shiga, ta girgiza kai. A bakin tasha suka tsaya jirgi ya tafi, kuma ƙa'idar tikiti ta ce takardun tafiya alhakin fasinja ne, ba a mayar da kuɗi. Tun daga ranar nake neman amsa a rubuce daga kamfani game da kowace ƙasa da jirgin zai taɓa, ko da mutum ya rantse ba zai sauka ba. Fasfo ya zama yana da sauran wata 6 bayan ranar dawowa. Mai zuwa Durban a Afirka ta Kudu, inda MSC ke tashi zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kada ya manta katin rigakafin shawara.

Sai kuɗi. Farashin da ake rubutawa da manyan haruffa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki. A kan wannan akwai harajin tashoshi, wanda wasu ke haɗawa cikin farashi wasu kuma sai a shafin ƙarshe. Akwai kuɗin hidima na ma'aikata da ake ɗora maka kowace rana ba tare da an tambaye ka ba: a jiragen Amurka wajen dala 16 zuwa 20 kowane mutum, a na Turai wajen Yuro 12. Kowane lemo ko gahawar da ka saya ana ƙara mata kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Intanet na kuɗi ne, kuma yawanci waya ɗaya ake lissafawa.

Ga misali da nake yi wa mutane a bayan ambulan, da alƙaluman da na ƙirƙira don a gane lissafin. Kamfani na farko ya ce dare 7 dala 600. Ƙara haraji 150, hidima dala 18 sau 7 wato 126, intanet 140. Ya zama 1,016, kusan dala 145 kowane dare. Na biyu ya ce 850, amma haraji da intanet suna ciki, hidima 13 sau 7 wato 91. Ya zama 941, wajen 134 a dare. Mai arahar a talla shi ne mai tsada. Sannan a ninka da yawan 'yan gida, a je wurin 'yan canji na Zone 4 a Abuja a ji yadda dala ta kwana.

Ruwan sha ma yana shiga lissafi. A jiragen Amurka da zarar ka zauna a babban ɗakin cin abinci za a cika maka kofi da ruwan ƙanƙara kyauta. A jiragen Turai da na hau a Bahar Rum, ruwan kwalba ake kawowa tebur a rubuta a asusunka. Na kyauta yana can wurin abincin ɗebi-da-kanka. Ga mai 'ya'ya huɗu na mako guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A cikin jirgi ba a karɓar tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne mabuɗi, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne aljihu. Ranar hawa za a haɗa shi da katin banki, a riƙe wani adadi a matsayin jingina, kuma riƙon yakan ɗauki kwanaki bayan an sauka kafin ya sake. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, yana iya ƙin aiki ana tsakiyar teku. Katin asusun dala ya fi, ko mutum ya ajiye tsaba a teburin baƙi, abin da ya rage a ba shi daren ƙarshe. A duba asusun a talabijin ɗin ɗaki kowane kwana biyu. Gyara kuskure ranar Laraba minti biyar ne, safiyar sauka kuwa layi ne har bakin lif.

Abin da ya fi gaya mini gaskiyar jirgi kafin in gan shi lamba biyu ce. Ta farko, a raba girman jirgin da yawan fasinja. Girman da ake rubutawa da tan ba nauyi ba ne, ma'aunin faɗin cikin jirgi ne. Icon of the Seas na Royal Caribbean, da ya fara aiki a Janairun 2024, tan 248,663 ne. Idan mutum bibbiyu ne a ɗaki yana ɗaukar 5,610, lambar ta ba da 44. Idan ya cika maƙil da yara a gadajen sama, mutum 7,600, sai ta faɗo 33. Jirgi ɗaya ke nan, bambancin watan tafiya kawai: Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba lokacin hutun makaranta ne. Queen Mary 2 na Cunard, mai wajen tan 149,000 da fasinja kusan 2,700, yana ba da 55. A abin da na gani, ƙasa da 35 za ka yi ta zagaye da faranti a hannu kana neman kujera, sama da 45 kuwa ka sarara. Lamba ta biyu, fasinja nawa ke kan ma'aikaci ɗaya. Icon of the Seas yana da ma'aikata 2,350, wato kusan biyu da rabi ga kowane ɗaya. Idan lambar ta haura uku, a wurin gyaran ɗaki da jiran abinci za ka ji a jikinka.

Tsafta tana da alƙali. Hukumar CDC ta Amurka, mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka, tana shiga jiragen da ke tsayawa a tashoshinta ba sanarwa, ta duba kicin, ruwan sha da wuraren ninƙaya, ta ba da maki bisa 100. Maki 85 zuwa ƙasa faɗuwa ce, kuma sakamakon yana shafinta, jirgi-jirgi. Wanda bai zuwa Amurka ba ya cikin jerin, sai a koma ga ido. Ina duba ko an sa ma'aikaci a ƙofar wurin cin abinci yana tilasta wanke hannu, da ko ana canja cokulan ɗiba a kai a kai. Cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage ta hannu take bi, kuma sabulu da ruwa sun fi man shafawa na barasa tasiri a kanta.

Maganar halal ita ce inda kamfanonin suka fi rabuwa, kuma talla ba ta faɗa. AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba giya, ba caca, abincinsa halal ne, akwai wurin salla. Mai zuwa da iyaye ko surukai hankalinsa zai fi kwanciya a nan. Sauran kuwa sai ka nema tun wajen biyan kuɗi, makonni kafin tafiya, domin ana loda nama ne a tashar farko. Abin da ake nufi da kalmar ma ya bambanta. Wani jirgin naman yanka na gaske zai kawo daskararre. Wani kuma abin da ya fahimta kawai shi ne "ban da alade". A wani jirgi, daren farko na kira shugaban masu hidimar tebur na tambaye shi miyar da ke kan kifin. Ya shiga kicin ya dawo ya ce an tafasa ta da farar giyar inabi. Daga ranar kullum da dare yakan kawo mini jerin abincin gobe, in zaɓa, a dafa mini daban. Wannan tsari yana aiki ne idan teburinka ɗaya da ma'aikaci ɗaya duk mako, shi ya sa nake ba mutanenmu shawarar lokacin cin abinci tsayayye, duk da cewa tsarin "ci lokacin da ka ga dama" da Norwegian ta yi suna da shi yana da daɗi ga wanda ba ya tantance abinci. A wurin ɗebi-da-kanka, matsalar cokali ce: wanda ya ɗebi naman alade da shi zai juya ya ɗebi ƙwai. A je da wuri, ko a roƙi a ɗebo daga ciki. Kayan zaƙi masu santsi a tambaya ko da jelatin, sinadarin daskarar da su da sau da yawa daga alade ake samunsa.

Kilishi da dambun nama a bar su gida, Turai da Amurka ba sa barin a shigo da nama. Yaji a ƙulle yana wucewa, kuma ran na uku za ka gode wa Allah da ka zo da shi. A sa ƙaramar buta ta roba a akwati, don bayin jirgi takarda kawai ke ciki, kuma na zuƙa ne, abu kaɗan ke toshe shi har da na maƙwabta. Dutsen guga da hita za a ƙwace a ƙofa.

Alƙibla tana juyawa da jirgi, ƙarfen jirgin kuma yana rikita kamfas ɗin waya. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa. Da ita nake daidaitawa kafin kabbara. Lokutan salla a lissafa da inda jirgin yake, ba da agogon Abuja ba. Amma wajen komawa jirgi agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci ya saɓa da na garin da aka sauka.

Ɗaki kuwa, wurinsa ya fi sunan kamfani tasiri a barcinka. Mai jin jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da saman bene su suka fi lilo. A buɗe zanen hawa-hawa a ga abin da ke sama da ƙasa: ɗaki a ƙarƙashin wurin ninƙaya, jan kujeru ne tun asuba, a saman gidan rawa, sai biyun dare. Ɗaki maras taga ya fi araha, duhunsa kuma kan sa a makara sallar asuba in ba a sa ƙararrawa ba. Baranda tana da amfani ga Hajiyar da ke son shan iska ba tare da ta ratsa masu kayan wanka ba, sai dai a duba kada kwale-kwalen ceto ya tare gabanta.

Jerin tashoshi ma yana ruɗi. "Roma" a takarda tashar Civitavecchia ce, wajen kilomita 80 daga birnin. Tsayawar awa 6 da ta awa 11 ba ɗaya ba ce, don haka nakan haɗa jimillar awannin tsayawa in gwada. A tsibirin Santorini na Girka jirgi ba ya raɓar gaɓa, ƙananan jirage ke jigila, in iska ta tashi a soke. MSC da Costa suna ɗaukar fasinja a tashoshi da dama a zagaye ɗaya, Jenowa, Marsai, Basalona, abin da ke ba ka zaɓin inda tikitin jirgin sama daga Abuja ya fi sauƙi. Illarsa ita ce kullum akwai masu shiga da fita da akwatuna, kuma sanarwa a harsuna biyar ake yin ta. Mai ciki da ta kai mako 24 ba a ɗaukarta, jariri ma yawanci sai ya cika wata 6. Asibitin jirgi na kuɗi ne, kuma inshorar Yuro 30,000 da ake nema don bizar Shengen ba lalle ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga teku ba, sai a karanta a tabbatar.

Jirgin sama a tashi kwana ɗaya kafin ranar hawa, biyu ma in za a canja a Istanbul ko Doha ko Adis Ababa. Magani, fasfo da kayan sawa na kwana ɗaya su zauna a jakar hannu, domin akwatin da ka miƙa a tasha da rana ba ya isowa ƙofar ɗaki sai yamma, wani lokaci bayan isha'i.