Agogo ne ya fara kayar da ni

Ranar da na fara zama jarrabawar ɗaukar sabbin ma'aikata a wani banki, na shiga ɗakin kwamfutocin ina taƙama da digirina na akanta. Tambayoyin ba wani wuya gare su ba: kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, karanta jadawali, sai ɗan sakin layi na Turanci a ce ka zaɓi ko maganar gaskiya ce, ko ƙarya, ko ba a iya tantancewa. Ɗan aji uku na sakandare zai amsa su in ka ba shi yini guda. Ni kuwa na nace a kan tambaya ɗaya sai na ci ta. Ko da na ɗaga kai lokaci ya ƙare, kusan rabi ban ko leƙa su ba.

Daga nan na ajiye littattafan jami'a. Na koma tsofaffin tambayoyi irin na SHL da GMAT, wato jarrabawoyin gwada basira, da ake turawa a WhatsApp, kullum bayan asuba, waya a gefe tana ƙirga minti. Ba lissafi na ƙaru da shi ba, na koyi barin tambaya in wuce ba tare da raina ya tsaya a kanta ba.

Inda na fi shan wuya shi ne mataki na gaba. Suka zaunar da mu su takwas, suka ba mu matsalar wani kamfani mu tattauna, masu sa maki na gefe da biro. Mu dai an rene mu da kada ka katse mai magana, kuma yabon kai jahilci ne. Sai na yi ta jiran a ba ni dama. Babu wanda ya ba ni. Wata yarinya ta faɗi abin da ke bakina tun farko, aka yi ta gyaɗa mata kai, ni ina zaune kamar baƙo a gidan biki. Ban ce a zubar da kunya ba, kuma wanda ya cika ɗakin da surutu ma ban ga sunansa a jerin gaba ba. Amma mai sa maki ba ya duba zuciya. A karo na gaba na shiga da niyyar magana cikin minti biyun farko, in ambaci sunan wanda ya gama, in ɗora a kan batunsa.

Sai shekaru. Yawancin irin waɗannan guraben suna tsayawa a 26 ko 27, da takardar gama bautar ƙasa, galibi kuma da digiri mai darajar 2:1. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci takwas. Wanda ya ratso su biyun a jami'ar gwamnati, dama ɗaya ko biyu suka rage masa, don haka tun yana hidimar ƙasa ya kamata ya soma shiri.

Na kusa rasa wannan aikin da nake yi a kan harafi: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a NIN. Kwana uku na yi tsakanin kotu da ofishin jarida ina neman takardar rantsuwa, ana saura kwana ɗaya a rufe tantancewa na miƙa.